Tukunyar Kaka a Jikin Gora

A lakwal ɗin da nake koyarwa a Tasawa, in ana son zane ni ake nema. Taswirar ƙasa a allo, hoton zuciya da huhu don ajin manya, har allon ƙofar biro, wato ofishin darekta, duk hannuna ne. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Sau ɗaya tak zanena ya fita daga aji ya shiga gari, kuma bai tsaya ba sai da ya gurfanar da ni gaban Baffa.

Yayata, wadda muke ciki ɗaya, tana zaune a bayan tasha tun rasuwar mijinta. Sana'arta kunun tsiro. Takan jiƙa hatsi, ta baza shi a kan buhu cikin ɗaki mai duhu, ta lulluɓe, tana yayyafa masa ruwa safe da yamma har ya tsira. Sai ta shanya, ta niƙa. Wannan tsiron shi ke sa kunun zaƙi ba sai an ɗura masa sukari ba. Ta sa citta da kanumfari da ɗan masoro, ta tace, ta zuba a gorunan roba, ta jera su cikin ƙanƙara. Da bazara, direbobi da masu jiran mota ba sa barin ko gora ɗaya ta kai la'asar.

Damuwarta ita ce gorar kowa iri ɗaya ce. Wasu mata suka fara kawo nasu kunun tasha, mai ruwa-ruwa, in an tambaye su sai su ce ai daga gidan Yaya yake. Wata rana na shiga gaishe ta, ta tare ni tun ban zauna ba.

"Auta, kai da kake zana wa ɗiyan mutane zuciya da huhu, ni ba ka iya yi mini etiket? Ƴar takardar nan da ake liƙawa jikin kaya. Mutum na gani ya san nawa ne."

Na ce ai wannan ba aiki ba ne.

Kwana uku ina cika kaye, littafin rubutuna, da zane. Na fara da zangarniyar hatsi, ta ce kamar buhun taki. Na zana raƙumi, ta ce wannan ai kwalin shayi ne. Na zana mace da ƙwarya a ka, ta ce ba za ta liƙa hoton mutum a jikin abin da ake jefarwa bola ba. Ina zaune a tsakar gidanta da fensir a hannu, na rasa ta yi, sai idona ya faɗa kan tukunyar da take ajiye ruwan sha a inuwar darbejiya. Babba ce, baƙa, mai gajeren wuya, da zanen ƙafar kaza zagaye da kafaɗarta, da ɗigo uku-uku a ƙarƙashi, ga wani ɗan giɓi a baki. Tukunyar Kaka ce, uwar mahaifinmu. Na zana ta yadda take, har giɓin ban bari ba. A saman bakinta na ja layi uku masu lanƙwasa, nufina ƙamshi ne ke tashi. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe: NA KAKA.

Yaya ta daɗe tana kallon takardar.

"Wannan ya yi," in ji ta. "Ita ta koya mini, haƙƙinta ne."

Sunan ya yi mini daɗi don fuska biyu gare shi. Wanda ya san mu zai karanta kakarmu, wanda bai san mu ba zai karanta kaka ta girbi, lokacin sabon hatsi. Har alfahari na yi wa abokan aikina da wannan dabara.

Mai odinater, wato kwamfuta, na bakin kasuwa ya buga mana takwas-takwas a kowace takarda, baƙi da fari. Ni na bi su da fensir mai launi, ruwan ƙasa a jikin tukunya, kore a rubutu. Muka liƙa da ƙaro, ranar farko duk suka saɓule cikin ruwan ƙanƙara. Muka koma naɗe su da farar leda mai manne, suka zauna daram. Kasuwa ta buɗe wa Yaya. Masu tebur na ƙauyuka, in sun zo cin kasuwa, sukan ɗebi goruna su tafi da su Korgom da wajen Mayahi.

Abin da ban tsaya na auna ba shi ne tarihin tukunyar. Na san shi, amma irin sanin abin da ba a faɗa a gida. Kaka ƴar gidan Arna ce, mutanen da suka daɗe riƙe da al'adar kakanni. Kafin ta musulunta, ita ke dafa giyar gayya a ƙauyenmu, can wajen garin da ake kira Sarkin Hausa. Da tsiron hatsi ake fara giya, da shi kuma ake fara irin kunun Yaya, sai can gaba hanya ke rabuwa. Ni dai na tashi na iske ta tsohuwa mai tasbaha, ba ta wasa da salla. Babban ɗanta, wan mahaifinmu, shi muke kira Baffa. Shi ne limamin ƙauyen, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gare mu.

Wata Alhamis da hantsi ina cikin aji salulata ta yi ƙara. Baffa ba ya kiran kowa, mu ke kiransa. Na fita baranda.

"Baffa, ina kwana? Lafiya dai ko?"

"Jibi Asabar ba ka da lakwal."

"Babu, Baffa."

"Ku taho kai da yayarka. Ku taho da tukunyar."

"Wace tukunya, Baffa?"

"Wadda ka zana."

Ya kashe. Na koma gaban allo da alli a hannu, na kasa tuna inda na tsaya a lissafin da nake yi.

Da na gaya wa Yaya, ba ta ɗago daga tatar da take yi ba. Can ta ce, "Fasa ta za shi yi." Na ce to mu bar ta gida, mu ce nauyi ya hana mu ɗauko ta. Ta ce ba ta taɓa yi wa Baffa ƙarya ba, ba kuma za ta fara da furfura a kanta ba. Ran Asabar da sassafe ta dama sabon kunu, ta ɗura gora biyu, ta naɗe tukunyar cikin tsohon bargo.

Ban taɓa tuƙa babur irin na ranar ba. Muna barin kwalta muka faɗa rairayi. Yaya na bayana, tukunyar na tsakaninmu, bakinta yana tokarin gadon bayana. Duk lokacin da ƙafar baya ta yi santsi cikin yashi sai in ji Yaya ta ɗauke numfashi. Sau biyu muna sauka, ni ina turawa, ita tana tafe da tukunyar a ka. Wani mai amalanke ya tambaye mu ko kayan ɗaki za mu kai, muka wuce shi. A raina ina ta cewa da ma ta suɓuce ta fashe a hanya kowa ya huta, sai kuma in ji kunyar abin da na raya.

Mun isa kafin azahar. Gidan Baffa yana fuskantar masallaci, a tsakani akwai wani gawo da dattawa ke zama ƙarƙashinsa. Muka gaishe su. Suka amsa a gajarce, idanunsu na kan bargon.

Baffa na zaune a zaure a kan buzu. A gefensa ga gora kwance, da etiket ɗina a jiki. Ba don an kwantar da ita ba, gindinta ne ya kumbura har ba ta iya tsayuwa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa gaisuwa tiryan-tiryan, ya tambayi iyalina, ya tambayi marayun Yaya ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi zafin Tasawa. Da ya fara da faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sai ya turo gorar gabana da yatsa.

"Mushe, karanta mini abin da anka rubuta nan. Ni ban yi boko ba."

Tun ina yaro "ɗana" yake ce mini. Ranar ce farkon da ya kira ni Mushe, sunan da ake kiran malaman lakwal da shi.

"Na Kaka," na ce.

"Wace kaka?"

Na hango mafita, na bi ta. "Baffa, ai kaka, lokacin girbi. Da yake kunun na hatsi ne..."

"Kakarmu muke nufi, Baffa," in ji Yaya daga inda take durƙushe. "Innarku."

Baffa ya dube ni.

"Ran Talata bayan la'asar," ya ce, "ban tashi daga wurin salla ba, wani dattijo ya aje wagga gora gabana. Ya ce, Liman, ashe an tada sana'ar gida? Ya nuna ma mutane ƙafar kaza, ya nuna masu giɓi. Cikin sahun nan akwai tsofaffin da sunka sha daga tukunyar ga da ƙuruciyarsu, ba su manta ta ba. Ya ce ga kumfa ma an zana tana tashi."

"Ƙamshi ne, Baffa. Ba kumfa na zana ba."

Sai ya ɗauki gorar, ya nisanta ta daga buzunsa, ya murɗa murfin. Ta yi wani huci kamar kumurci, kumfa ta taso ta malalo bisa yatsunsa tana ɗiga ƙasa. Wani tsami mai hawa kai ya cika zauren. Hirar da ake yi a gindin gawo ta tsaya cak.

A nan na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na juya na dubi Yaya. Na ɗan lokaci ne ƙwarai, amma a cikinsa na tambayi kaina ko akwai abin da take yi a ɗakin nan mai duhu da ban sani ba.

Ita kuwa Baffa take kallo.

"Kwana nawa ta yi a garin ga?" ta tambaye shi.

Ya ce mai teburin bakin rijiya ya sayo su Tasawa tun kasuwar da ta gabaci wadda ta wuce, wannan ce ta yi kwantai.

"Ya fi kwana tara ke nan," in ji Yaya. "Nan ba ƙanƙara, ga bazara. Kunun tsiro in ya kwana biyu cikin zafi juyawa yake. Ko fura anka rufe cikin gora haka, abin da za ta yi ke nan." Ta buɗe ƙullin mayafinta ta fito da gorunan da ta ɗuro. "Ga na yau. Da hannuna na dama shi da safe."

Baffa ya goge yatsunsa da ƙasa.

"Na san ba giya kike dafawa ba, ɗiyata. Da na zaci haka ba kira zan yi ba, da ƙafata zan taho. Kwance bargon."

Ta kwance. Tukunyar ta bayyana a tsakiyar zaure. Sai a lokacin na lura da taɓarya jingine a bayan ƙofa, kuma na san ba a ajiye taɓarya a zaure.

Baffa ya daɗe yana kallon tukunyar kafin ya yi magana, kuma da ya fara ba mu yake kallo ba.

"Tukwanen bakwai ne. Shekarar da na dawo daga karatu anka sa ni na ja salla. Ina sallamewa na ji wani a baya ya ce, yau ɗan mai giya ya ja mu. Na shigo gida na ɗauki taɓarya. Shida na fasa. Wagga, innata ta rungume ta, ta zauna ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta kwashe tsingaro ta kai bayan gida. Daga ranar ba ta sake dafawa ba, amma har anka yi girbi ba ta yi mini magana ba." Ya juyo gare ni. "Tun ba a haife ka ba nike binne wagga magana. Kai ka tono ta da fensir, ka liƙa jikin roba, ana yawo da ita kasuwa-kasuwa."

"Na yi kuskure, Baffa. Ban yi tunani ba."

"Miƙo mini taɓarya."

Na tashi. Ba zan ce na yi shawara da kaina ba, Baffa ya ce in miƙo, jikina ya tashi. Na ɗauko ta, na juyo, sai na ga Yaya ta matsa ta zauna dirshan a ƙasa, ta sa hannu biyu ta kewaye tukunyar.

"Baffa, ni na yi jinyarta," ta ce. "Daga tukunyar ga nike ɗiba mata ruwan alwala har ta kasa tashi. Shekarun da ta yi da ruwan alwala sun fi waɗanda ta yi da wancan abin. In kana fasawa ba ni hana ka, kai ne uba. Amma sai ka ɗaga ni tukuna."

Ina tsaye da taɓarya a hannu. Hannun Baffa a miƙe yake, bai janye ba, ni kuma ban ƙarasa miƙawa ba. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ina jin ƙudaje sun taru kan kumfar da ta zube, ina jin wani a waje yana gyaran murya. Can ladan ya kira azahar.

Baffa ya sauke hannunsa, ya dafa bango ya miƙe.

"Aje ta. Ɗauko gorunan, da ruɓaɓɓar da sabuwar."

Yaya ta shiga cikin gida wajen mata, ni na bi Baffa masallaci. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Da aka sallame ya ce kada kowa ya watse. Muka fito ƙofar masallaci, mutane suka kewaye mu. Ya ɗauki kumburarriyar gorar ya tuttular da ita a yashi, ya ce wannan kunu ne da ya yi kwana tara cikin zafi ya lalace, bai halatta a sha ba, bai kuma halatta a sayar ba. Mai teburin yana nan cikin taron, ya sunkuyar da kai. Sannan Baffa ya sa aka kawo moɗa.

"Zuba, Mushe."

Na zuba na Yaya na safe, rabi a moɗa rabi a ƙasa. Baffa ya yi bismilla ya sha. Ya sa na sake cikawa, ya miƙa wa wani dattijo dogo mai farin gemu. Ba sai an gaya mini ba, na gane shi ne ya kai gorar masallaci. Dattijon ya riƙe moɗar ya sansana, ya dubi mutane, sannan ya kurɓa.

"Kunu ne," ya ce.

"Kunu ne," in ji Baffa. "Tukunyar da anka zana kuwa ta uwata ce. Abin da anka dafa cikinta da, ba ni ɓoye shi, kun fi ni sani, wasunku da bakinsu sunka sani. Ta bari don Allah. Da ta rasu ni na yi mata salla, kuna bayana. Wanda ke da sauran magana shi faɗe ta yanzu ina tsaye."

Ɗaya bayan ɗaya suka nemi takalmansu.

Da muka koma zaure ya aika aka kira Yaya, ya yanke hukunci a taƙaice. A cire hoton daga jikin gora. Sunan, in tana so ta riƙe. Tukunya kuwa ta dawo gida ke nan, ba ta sake hawa babur. Yaya ta ce ta yarda, abu ɗaya take roƙo, kada a kife ta a rumbu, a riƙa zuba mata ruwa. Ya ce ya ji. Ni kuwa, ko da na durƙusa yi masa sallama hannu kawai ya ɗaga.

Komawa babur ya yi sauƙi. Da muka hau kwalta, na tsaya sayen esansi, man babur, a bakin hanya, Yaya ta sauka tana kakkaɓe zanenta.

"Da ya buɗe gorar nan, ka dube ni," ta ce.



"Na gani," in ji ta, ta koma ta hau.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Na ba ta haƙuri bayan kwana biyu, ta ce ya wuce, amma an daɗe kafin ta koma tsokanata kamar da.

Labarin bai tsaya ƙauye ba. Kafin mako ya zagayo ya iso tasha, kuma rabinsa na farko ne kawai ya iso. Wasu direbobi suka riƙa tambayarta da dariya ko akwai mai ƙarfin, wasu mata suka daina aiko saye. Sauran bazarar nan da yawan gorunanta sukan dawo gida. Muka zauna da ruwan ɗumi muka ɓamɓare tsofaffin takardun ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar etiket ba ta da hoto. Sunan ne a sama, a ƙasa na rubuta: "An dama ran..." na bar fili, sannan "A sha yau ko gobe. A ajiye cikin sanyi." Kullum da safe ita ke cike ranar da alƙalamin bik. Ta kuma daina sayar wa duk mai teburin da ba shi da ƙanƙara, ko nawa zai ɗiba. Sai da azumi ya kama mutane suka dawo mata sosai.

Baffa ya yi watanni yana amsa gaisuwata da kalma biyu. Bayan damina, wata Laraba, ya kira ni da kansa. Ya ce sun yi wa makarantar yara sabuwar rumfa a gefen masallaci, suna son allo a ƙofa.

"Rubutu kawai, ɗana," ya ce.

Na tafi ran Asabar da gwangwanin fenti da buroshi. Ya sa aka fito masa da kujera, ya zauna a bayana tun hantsi, yana bin kowane harafi da ido, na ajami da na boko. Da na gama na ga gefen allon ya yi fili da yawa, na tsoma buroshi zan ja masa ɗan ado a kusurwa. Baffa ya yi gyaran murya. Na mayar da buroshin cikin gwangwani, muka kama allon ni da shi muka jingine shi a rana ya bushe.